Ina Manyan Kifi Suka Tafi?

Darasi domin masunta da sarakunan ruwa da masu unguwanni na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, ba ƙasar manyan koguna ba ce. Ƙasa ce ta duwatsu da jigawa, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba. Kogin Gari da Kogin Tomas da ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu su kan kawo ruwa da damina, in rani ya yi sai su koma yashi. Saboda haka a zamanin da, kamun kifi ba sana'ar kullum ba ce a nan. Kifin da ake samu na tafkuna ne da na guraben da ruwa ya kan kwanta bayan kogi ya yanke. A kan bar su har ruwa ya ja da bazara, sa'an nan a sa rana, gari ya fita da koma da gora, a yi su na yini ɗaya ko biyu, a tashi sai baɗi. Sauran kifin miya kuwa banda ce da busasshe, waɗanda fatake ke kawowa daga Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi.

Madatsun ruwa su ne suka sāke wannan al'amari. Alhaji Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki aikin tare ruwa da muhimmanci ƙwarai. A zamaninsa aka gama madatsar Bagauda, aka gama ta Tiga cikin 1974, aikin kuma ya ci gaba bayansa. Ta haka aka sami madatsar Gari da ta Tomas, da ta Muhammadu Ayuba wadda ke gefen garin Kazaure. A lokacin nan duk wannan yanki cikin Jihar Kano yake, gama sai a 1991 aka yanke Jihar Jigawa. Da ruwa ya zauna rani da damina sai kifi ya zauna, masunta suka zo daga nesa da jiragensu da tarunansu, 'yan ƙasa kuma suka koyi sana'ar. Ɗanyen kifi, wanda da sai da bazara ake ganinsa, ya zama abin saye kowace ranar kasuwa.

To, yanzu kukan da masunta ke yi a madatsun Arewa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ba cewa suke yi kifi ya ƙare ƙaf ba. Cewa suke yi ya ƙanƙance. Mutum ya kwana bisa ruwa, da safe ya zo da rabin daro na 'yan karfasa waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Babbar tarwaɗa wadda sai an saɓa ta a kafaɗa ta zama abin ba da labari. Wannan ciwo yana da dalilai sanannu, an kuwa gan shi a wurare masu nisa ƙwarai da nan, inda aka auna shi da ma'auni.

Abin da hotunan Key West suka nuna

A ƙasashen Turawa akwai wani irin su wanda ba don abinci ake yinsa ba, don nishaɗi ne. Mai kuɗi ya kan yi tafiya mai nisa zuwa gaɓar teku a ƙasashe masu zafi, ya yi hayar jirgi da matuƙi, ya yini yana fatsa, muradinsa kurum ya kamo ƙaton kifi a ɗauke shi hoto da shi. Garuruwa da yawa da wannan suke ci: masu jirage, da masu masauki, da masu sayar da ƙugiya da abinci. Ɗaya daga cikin mashahuran wuraren nan shi ne Key West, wani tsibiri a ƙarshen kudancin Jihar Florida ta Amurka.

Al'adar wurin ita ce, in jirgi ya komo da yamma, sai a rataye manyan kifin da aka kamo a jikin wani allo a bakin gaɓa, baƙin su tsaya a gefe a ɗauki hoto. An yi shekaru ana haka, hotuna suka taru. Wata mai bincike, Loren McClenachan, ta tattara hotunan tun daga na 1956, ta gwada su da na 2007, ta auna tsawon kifayen da ke ciki, ta ƙiyasta nauyinsu, ta buga sakamakon cikin 2009. Ga abin da ta samu. A 1956 matsakaicin nauyin kifin da ake ratayewa a allon nan ya kusa kilo 20. A 2007 ya komo kilo 2.3. Tsawo ya sauko daga wajen santimita 92 zuwa 42. Har irin kifin ma ya sāke: manyan nan masu cin 'yan'uwansu, waɗanda wani ya fi mutum girma, sun ɓace daga allon, ƙananan iri sun maye gurbinsu.

Abin lura a nan shi ne, baƙin da ke cikin hotunan baya suna murna da kamunsu kamar yadda na farko suka yi. Ba su san abin da suka rasa ba, domin ba su taɓa ganinsa ba. Wani masanin kifi, Daniel Pauly, ya riga ya yi bayanin wannan hali cikin 1995. Ya ce kowane zamani ya kan ɗauki abin da ya tarar yana yaro a kan shi ne daidai, ya riƙa auna raguwa daga nan. Ɗa ya gaji ruwan da ya fi na ubansa talauci, amma a wurinsa wannan shi ne cikakken ruwa. Da haka ruwa ya kan tsiyace cikin shekara hamsin ba wanda ya ce ga ranar da abin ya faru. Saurayin da ya fara jefa birgi a madatsar Kazaure bana yana cikin wannan hali sosai. In ba dattijo ya gaya masa ba, zai ɗauka karfasa haka Allah ya yi ta, 'yar ƙarama.

Argungu

A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da wannan su na nishaɗi shi ne bikin Argungu a Jihar Kebbi. An fara shi a matsayin babban biki cikin 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta su kan faɗa ruwan Matan Fada gaba ɗaya da koma da gora, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci. Giwan ruwa ne ya kan ci gasar. A 2005 wanda ya yi na ɗaya ya kai kilo 75. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Me ya sa ake samun irin wannan kifi a Matan Fada, a rasa shi a wasu wurare na kogin? Amsa ba ta da wuya. Ruwan nan a rufe yake, Sarkin Ruwa na tsaronsa, ba a su a cikinsa sai ranar da aka buɗe. Kabawa ba su jira wani malamin kimiyya ya koya musu wannan ba. Duk da haka tsaro kaɗai bai isa ba in ruwan kansa ya gaza. An tare Kogin Sakkwato a Bakolori cikin 1978, aka tare Kogin Rima a Goronyo cikin shekarun 1980, ambaliyar da ta kan cika fadamun ƙasa da su ta ragu, kamun masuntan fadamun ya ragu tare da ita. A 2006 an hana shiga ruwa a bikin saboda ƙarancin ruwa. Bayan bikin 2009 kuma aka yi shekara goma ba a yi shi ba. Da aka komo a 2020, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78.

Ƙuruciyar madatsa da tsufanta

Wajibi ne a san cewa wani kashi na raguwar nan ba laifin kowa ba ne. Sabuwar madatsa ta kan shanye gonaki da ciyawa da itatuwa da turɓayar da ta daɗe tana shan taki. Duk waɗannan su ruɓe cikin ruwa, su zama abincin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su kuwa su zama abincin kifi. Shekarun farko kifi ya kan yi yawa har ya ba da mamaki. Bayan 'yan shekaru wannan taki na farko ya kan ƙare, ruwa ya komo ga abin da zai iya bayarwa na ainihi.

An ga haka a fili a Tafkin Kainji, wanda aka tare a Kogin Kwara cikin 1968. A 1971 kifin da aka kama a cikinsa ya haura tan 28,000. Kafin 1978 ya sauko zuwa wajen tan 4,500. Haɗarin da ke cikin wannan shi ne, masunta su kan taru a lokacin yalwa, su yi gidaje, su yi iyali, su ci bashin jirgi da taru. Sa'ad da ruwa ya komo ga gaskiyarsa, yawan mutane bai ragu ba. Kowa sai ya ƙara yawan kalli, in bai isa ba ya rage idonsa. Daga nan ne laifin mutum ke farawa.

Yadda kifi ke haihuwa

Ba za a gane ɓarnar ƙaramin ido ba sai an san yadda kifi ke haihuwa, gama kowane iri da tasa hanya.

Karfasa ita ce mafi yawa a madatsun nan. Namijinta ya kan share ɗan gurbi kamar akushi a ƙasan ruwa mara zurfi, kusa da gaɓa. Macen ta zuba ƙwai a ciki, namiji ya barbare su, sa'an nan, a irin da aka fi sani, ta kwashe su cikin bakinta. Ta kan yi kwana goma ko fiye tana ɗauke da su, ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma in sun ji tsoro su kan koma bakin uwar su ɓuya. Wanda ya kama irin wannan uwa ya kama kifi ɗaya a ido, amma ɗaruruwa ya kashe. Wanda kuma ya ja taru a ƙasa ta bakin gaɓa ya rushe guraben duka, ko da bai kama kome ba.

Akwai wata ɗabi'ar karfasa wadda ta kan ruɗi mutane. In aka matsa mata da kamu, ko ruwa ya yi mata kaɗan, sai ta fara haihuwa tun tana ƙarama ƙwarai. Ƙarfin da za ta sa a girma sai ya tafi ga ƙwai. Ruwa ya cika da 'yan mitsi-mitsi masu ƙwai a ciki, mai kallo ya ce ai kifi na nan da yawa, ga shi har yana haihuwa. Alhali kuwa wannan alamar ciwo ce. Abin ya kan ƙara muni in an kwashe manyan masu cin kifi, kamar giwan ruwa da tsage da babbar tarwaɗa, domin su ne ke rage cunkoson ƙananan har waɗanda suka saura su sami abincin da za su girma.

Tarwaɗa kuwa da ruwan farko take haihuwa. In an yi ruwa mai ƙarfi rafi ya kawo, sai ta bi sabon ruwa da dare ta hau cikin ciyawar da ya shanye, ta watsa ƙwai a jikin ciyawa ta komo. Kowane masunci ya san wannan dare, ya san kuma ba lokacin da tarwaɗa ta fi sauƙin kamu kamarsa, har da sanda ana kashe ta. Nan ne babbar asara take. Ƙaramar tarwaɗa ƙwanta 'yan dubbai ne, babba kuwa ta kan ɗauki dubu goma-goma, har fiye da dubu ɗari. Uwa ɗaya mai kilo biyar ta fi tarin ƙanana amfani ga ruwa. Wanda ya datse bakin rafi da dumba a farkon damina, ya jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya kwashe iyayen tun ba su zuba ƙwai ba, daidai yake da manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo ana gobe shuka.

Bargi shi kuma gida ya kan yi cikin ciyawa mai tsawo, zagayayye, faɗinsa wajen mita guda, iyayen su tsaya suna tsaron 'ya'ya. In ciyawar gaɓa ta tafi, bargi ya tafi. Gaiwa ce kaɗai ba ta damu da bushewar tafki ba, gama ta kan nutse cikin laka ta rufe kanta da majina, ta yi ta shan iska kaɗan-kaɗan har wata damina. Amma ita ma in aka tone ta da fartanya kowace shekara, ko aka yi bulo da lakar tafkin, ƙarewa za ta yi.

Ga ɗan lissafi domin misali. A ce mutum ya kama 'yan karfasa 100, kowace giram 50. Kilo 5 ke nan, na arha kuwa, gama ba mai sayen irin wannan da daraja. A ce an bar su shekara guda, rabinsu suka mutu ko wasu kifaye suka cinye su, 50 suka saura, kowace ta kai giram 250. Kilo 12 da rabi ke nan, masu tsada, kuma kafin a kama su sun riga sun haihu. Masunci ya san wannan lissafi sarai. Abin da ke hana shi bari shi ne, ya san in ya bari wani zai kwashe gobe. Saboda haka maganar nan ba ta gyaruwa ta hannun mutum ɗaya, sai ta hannun jama'ar ruwa gaba ɗaya.

Gidan sauro da guba

Kayan su iri-iri ne, kuma ba dukansu ke da laifi ba. Fatsa da birgi mai babban ido da kalli mai babban ido suna zaɓe, ƙaramin kifi ya kan wuce. Mafi ɓarna shi ne taru mai ƙaramin ido wanda ake ja daga cikin ruwa zuwa gaɓa, wanda a Kainji ake kira dala. A can domin warangi aka kawo shi, watau wani ɗan ƙaramin kifi wanda ba ya girma, amma ya riƙa haɗawa da 'ya'yan manyan kifi masu ɗimbin yawa. Sai da hukuma da sarakuna da masunta suka haɗu, da taimakon wani shiri na Nijeriya da Jamus, aka hana shi a ƙarshen shekarun 1990. Abin baƙin ciki, gidan sauron da ake rabawa kyauta domin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, a wurare da yawa na Afirka ya koma taru. Idonsa ko ƙwan kifi ba ya bari. Mai yin haka ya yi asara biyu, ta ɗansa da ta ruwansa.

Guba kuwa ba ta da wani uzuri. Mutanen da sun san magimfa, su kan daka ta su zuba a ɗan gurbin da zai bushe ko ta yaya. Na baya suka koma ga maganin ƙwari na gona, musamman Gammalin 20, wanda aka yi domin feshin koko. Wannan ba ya zaɓe: babba da ƙarami, da kwaɗi da ƙwarin da kifi ke ci, duk ya kan kashe. Ya kan kuma zauna cikin naman kifin da cikin laka, mutum ya ci, dabba ta sha. Sinadarin da ke cikinsa an sa shi cikin jerin waɗanda ƙasashen duniya suka yarda a daina yi tun 2009. Madatsa kamar ta Kazaure ruwan sha ce ga mutane da shanu, ruwan wanka ce ga yara. Kifin da aka ga ya yi laushi da wuri, ko aka kawo shi da yawa manya da ƙanana a gauraye ba alamar ƙugiya ko taru a jikinsa, ya kamata mai saye ya yi tambaya.

Ruwan kansa

Ko da kowa ya gyara tarunsa, kifi ba ya zama inda ba ruwa. Kowace damina rafuka na kwaso yashi da laka daga gonakin tudu su zuba cikin madatsa. Inda aka sare itatuwan gangare, aka yi noma har bakin rafi, kamar yadda ake gani a ƙasa mai duwatsu irin ta Roni da Kazaure, zaizaya ta fi ƙarfi. Madatsa ta kan cike daga ƙasa a hankali, faɗinta na nan a ido amma zurfin ya tafi. Rana kuma a wannan yanki ta kan shanye kusan mita biyu na ruwa a shekara daga buɗaɗɗen tafki. Ga injunan ban ruwa na masu tumatir da albasa da alkama, waɗanda suka yawaita ƙwarai tun daga shekarun 1980. Lambu abin alheri ne, ba mai cewa a bari. Amma in ruwa ya ja da yawa cikin watan Afrilu da Mayu, ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa ta kan ragu, manyan kifi kuwa su ke fara galabaita. Takin zamani da maganin feshi da ke gangarowa daga lambunan gaɓa suna ƙara nasu.

Sai kacalla. Wannan ciyawa tana son ruwa mara zurfi wanda ba ya bushewa, watau daidai irin wanda madatsu da hanyoyin ban ruwa suka kawo. Mutanen Haɗeja da Nguru sun fi kowa saninta. Bayan Tiga, da madatsar Challawa ta 1992, ambaliyar fadamunsu ta sāke hali, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta zama masaukin jan-baki masu cin gero da shinkafa. Kaɗan daga cikinta a gaɓa maɓoya ce ga 'ya'yan kifi. In ta yi yawa sai ta cinye tafkin. Yankanta ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, ya fi ƙone ta amfani, domin bayan wuta da ƙarfinta take tohowa.

Abin da doka ta ce, da abin da aka gwada

Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kamun kifi na ruwayen cikin ƙasa a 1992, ita ce doka mai lamba 108 ta wannan shekara. Ta hana su da nakiya, da guba, da wutar lantarki. Ta kuma hana taru ko kalli wanda idonsa ya gaza milimita 76, watau inci 3, sai fa wasu kaya na musamman kamar na kamun warangi. Ana auna ido ne in an ja shi ya miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Masunta sun saba da awo da yatsu, amma yatsun mutane ba ɗaya ba ne. Ya fi kyau Sarkin Ruwa ya sami ɗan katako wanda aka yanka daidai inci 3, kowa ya gwada tarunsa da shi a gaban jama'a.

Doka a takarda ba ta tsaron ruwa da dare. Ma'aikacin gwamnati ɗaya ba zai iya zagaye madatsu da tafkunan ƙananan hukumomi huɗu ba, masu iya magana kuwa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Masunta sun san wanda ke zuba guba, sun san mai gidan sauro. Inda aka ci nasara, kamar Kainji, sai da aka mai da ikon ga sarakunan ruwa da dagatai, hukuma ta tsaya a bayansu. Masarautar Kazaure, wadda ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da Masarautar Ringim wadda Babura ke cikinta, suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni har zuwa kowane ƙauyen bakin ruwa. Tsarin da ake bukata yana nan, ba sai an ƙirƙiro sabo ba.

Shin kifi ya kan komo in an ba shi hutu? Florida ɗin nan ta ba da amsa. Akwai wani ƙaton kifin teku a can wanda ya kan haura kilo 300, shi ne ya fi cika tsofaffin hotunan Key West. Ya kusa ƙarewa, aka hana kama shi ɗungum a 1990. A 1994 mutanen jihar suka jefa ƙuri'a suka hana kalli a ruwayen gaɓarsu, hanin ya fara aiki a 1995. Masu fatsar nishaɗi kuma suka koyi sakin kifi bayan sun ɗauki hoto, har ƙasar Belize ta mai da wannan doka a 2009 ga iri uku na kifin da baƙi suka fi nema. Ƙaton kifin nan ya farfaɗo, har a 2023 aka yarda a kama 200 kacal a shekara. Sai dai a lura, shekara 33 aka yi ana jira, domin kifi ne mai jinkirin girma. Masuntan Kazaure sun fi su sa'a nesa. Karfasa da tarwaɗa cikin shekara guda su kan isa haihuwa, saboda haka ruwan da aka tsare damina biyu ko uku ya kan nuna bambanci.

Hutun da ya fi amfani shi ne na farkon damina, daga saukar ruwa cikin watan Yuni har zuwa ƙarshen Agusta ko Satumba. Wannan kuwa ya zo daidai da lokacin da yawancin masuntan yankin ke gona, saboda haka asararsa ba ta kai yadda ake tsoro ba. Wanda ba shi da gona, su kaɗai ne abincinsa, shi ne ya kamata jama'a su duba, ko a bar masa fatsa a tsakiyar ruwa. Bayan wannan sai a keɓe wani sashe, musamman bakin rafin da ke shigowa da ciyawar da ke kewaye da shi, a kafa turaku, a ce nan ba a su rani da damina. Wannan shi ne Matan Fada na kowace madatsa. Kifin da ya girma a ciki ba ya zama a ciki, fita ya kan yi ya faɗa tarun masu haƙuri.

Zuba 'ya'yan kifi daga gidan ƙyanƙyasa yana da amfani ga tafkin da ya riga ya mutu, ana kuwa samun shawara a kan wannan daga ma'aikatar gona ta jiha da cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa. Amma in ba a hana ƙaramin ido ba tukuna, 'ya'yan da aka zuba ranar Litinin za a gan su a kasuwa ranar Juma'a.

Littafin bakin ruwa

Mutanen Key West sun gane asararsu ne domin wani ya ajiye hotuna. Kowace mashigar jirage a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura tana iya yin abin da ya fi wannan da kuɗi kaɗan. Abin da ake bukata littafin rubutu ne, da sikeli irin na masu sayen hatsi, da allo mai tsawon mita guda wanda aka zana wa santimita. A zaɓi yaro ɗaya mai ilmi, na boko ko na ajami duk ɗaya ne. Rana ɗaya a mako, ranar kuwa kada ta sāke, ya rubuta jirage nawa suka fita, kilo nawa suka kawo gaba ɗaya, wane iri ya fi yawa, da tsawon kifi mafi girma na kowane iri. In akwai waya mai hoto a ɗauki babban a kan allon, yadda zanen awon zai fito.

A shafin farko kuwa, tun ba a fara kome ba, a tara dattawan da suka ga shekarun farko na madatsar. A tambaye su irin kifin da suka kama a lokacin wanda yanzu ba a gani, da girman mafi girma da kowannensu ya taɓa fitarwa, da inda ruwa ke kaiwa da bazara. A rubuta sunan kowane iri yadda suka faɗe shi, ragon ruwa ne, ko kurungu, ko kawara, ko bargi, a sa shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe in sun tuna. Littafin ya zauna a hannun Sarkin Ruwa, a riƙa karanta shi a gaban masunta da dagaci sau ɗaya a shekara, kafin a sa ranar rufe ruwa.